Wasali Ɗaya

A Sabon Gari na tsinto shi,
a rumfar Tanimu mai gwanjon littattafai,
tsakanin lissafin 'yan aji uku
da wata kalanda da ta gaji da ƙirga kwana.
Bango ya ɓalle, gara ta yi masa tsaga.
"Kawo ɗari biyar," in ji Tanimu,
"ko mai tsire zai ba ni haka."

Shafin farko hoto ne:
Wendelin Aukamp, Bajamushe,
tabarau kamar gindin kwalba,
gemu kamar tsintsiyar da ta sha shara.
Jikana Mubashshir ya ɗora waya kan rubutun,
ta riƙa fassara mana da ɗingishi.

Wai ɗan mai gyaran agogo ne.
Uban ya so ya gaji bencinsa,
shi kuwa ya bi tsohon Girkanci da Latin,
harsunan da ba a taya ko albasa da su.
Digiri, wani digirin, wani kuma,
shekara goma sha ɗaya yana koyarwa ba kujera,
ɗakin haya, murhu ɗaya, tari duk lokacin sanyi.
Da kujerar ta zo, furfura ta riga ta zama.
Sai yaƙi ya lashe ɗakin karatunsu,
katuna dubu tara da ya rubuta da hannu
suka tashi sama, baƙaƙe, kamar jemagu.
Ya sayi sabuwar tawada.
Ya koma kan baƙin farko.

Duk a kan me?
Baiti guda, na wani mawaƙi
da ƙasa ta rufe wa ido tun ba a aza tubalin Badala ba.
Hannu ya kwafa daga hannu,
har wani mai gyangyaɗi ya sauya wasali ɗaya,
matafiyin da ke dawowa gida
ya zama wanda teku ta haɗiye.
Shekara arba'in yana bin sawun gyangyaɗin nan.

Mubashshir ya yi dariya har waya ta suɓuce.
Ni ban yi ba.

Baffa Ilu na tuna, a soronmu na Madabo,
alƙalamin gamba a bayan kunne,
yatsu baƙi ƙirin da tawada,
ranar da ya taka sayyada har Gwale, da azumi a bakinsa,
don ya duba kwafin wani dattijo:
ɗigo biyu ne kan harafin, ko ɗaya?
Ya dawo gab da magariba, leɓe a tsage,
yana murmushi kamar wanda aka biya bashi.
"Ɗaya ne," ya ce. "Ƙuda ne ya ƙara na biyun."

Ba su san juna ba.
Da sun haɗu a Kurmi, ko gaisuwa sai da hannu.
Amma na san yadda wuyansu ya ranƙwafa,
na san irin fitilar da ta cinye idanunsu.

Muka buɗe shafin ƙarshe,
inda zai faɗi wasalin da ya samo.
Gara ta riga mu.
Rami ne kawai, ana hango tabarma ta cikinsa.

Na kakkaɓe shi, na naɗe da ƙyalle,
na sa shi kusa da gafakar Baffa.
Su ƙarasa musun a can.
Mubashshir yana tambaya ko jirgin ya iso.