Igiyoyin Jirgin Cindo

Ran Laraba, da ruwa ya ɗauke,
na jawo jirgin Kawu gaɓar Tiga,
goransa a tsaye, hancinsa cikin yashi.

Zanen da ke kama masa iska buhun taki ne tara,
Lantana ta haɗe su da basilla,
har yau ana karanta sunan kamfani a juye.
Zanen bai gaji ba.
Igiyoyin ne suka kai gargara.

Ta ɗagawa, mai bi ta zoben ƙarfe can ƙolin gora,
ta cinye daidai inda take gogar zobe,
saura sili biyu, su ma kara ce ta riƙe su.
Ta hannu, wadda ake lallashin iska da ita,
ta yi baƙi da gumi, ta yi santsi da ƙarnin karfasa.
Na murɗa ta kaɗan, ta zubo mini gari kamar dusa.

Kawu Cindo na zaune a gindin giyayya,
ido ya tafi damina uku ke nan, kunne na nan daram.
Ya ji na zaro wuƙa daga kube.
Ya ce, "Mayar.
Wanda ya yanke ƙulli bai koyi kome ba."

Na sa farce, farce ya karye.
Na sa haƙori, na ɗanɗani daminar bara da ta bara waccan.

Masunta kan ce ƙullin Cindo ba ya kwantuwa
don da yatsa shida yake yin sa.
Ba haka ba ne. Na shidan, tun kafin suna
ungozoma ta ɗaure shi da zare, ya bushe, ya faɗi,
ya bar masa suna da ɗan tsiro kamar ƙwayar dawa.
Shi yakan ce tun ranar ya san
ƙulli ba ƙarfi yake so ba, haƙuri ne.

Na fito da sabuwa daga leda,
shuɗiya, ta roba, gaba goma sha biyu,
mai shago a Rurum ya rantse ba ta ruɓa.
Kawu ya karɓa, ya shinshina, ya ja ta tsakanin yatsu.
"Ba ta da wari. Ba ta san kowa ba.
Ta rama in za ta tsinke sai ta yi maka kuka tukuna,
wannan kuwa ba sallama."
To, ramar bana ambaliya ta cinye, har irin,
cinyar da ke tufka kuma ta koma kara.
Bai ƙara magana a kai ba. Ni ma haka.

Na ƙona bakinta da ashana kada ta warware,
ɗigo ɗaya ya sauka mini a babban yatsa.
Na cire takalmi zan hau gora,
ya ce, "Ina za ka, biri?
Ɗinke bakin sabuwa a wutsiyar tsohuwa,
ka ja tsohuwar a hankali,
ita za ta kai ta ƙofa."

Na ja.
Tsohuwa na saukowa, tana zubo mini ƙaiƙayi a ido,
shuɗiya na hawa a bayanta.
A bakin zobe suka cije.
Na daina numfashi. Na sassauta, na girgiza, na sake ja,
sai ƙyas, ta wuce.

Ƙullina sau uku yana zamewa.
A na huɗu Kawu ya ɗora hannunsa a kan nawa,
ƙwayar dawar nan tana gogar fatata,
ya ce wa roba a ƙara mata zagaye ɗaya, ba ta da amana.

La'asar sakaliya iska ta taso daga wajen duwatsu.
Na tura, na haye, na ja,
buhu tara suka cika ciki lokaci ɗaya.
Tsohuwar igiya na naɗe a cinyarsa,
Lantana ta ce a ba ta ta ɗaure akuya, ya hana.

Na yi nisan da giyayya ta koma kamar tsintsiya,
sai ga muryarsa ta biyo ruwa:
"Hantsi! Zanen na kaɗa baki, ina jin sa!
Ja kaɗan! Kaɗan na ce!"