Kwalabe Uku a Makusani

Wayar shinge ce ta yage mata cinya,
alfakar tsohuwa Hermelinda Tintaya,
ƙanwar raƙumi, ba tozo, sai tulin gashi.
Na iso da yatsu a ƙage.
A wannan tudun ƙasar Peru
numfashi ma sai da lallashi.

Kwalabe uku ne a jakata.
Lidokayin sarkin gaggawa ne,
kafin in zura zare fata ta yi barci,
sai dai baƙon safe ne,
awa guda da 'yan kai ya naɗe tabarma.
Bufibakayin kuwa nawa gare shi,
sai na gaji da duban agogo yake zama,
amma in ya zauna, shi da tashi sai la'asar.

Da ina ɗaliba na ɗauka lissafi ne:
zuba wannan a kan wancan,
ka kwashi sauri, ka kwashi daɗewa.
Wani maraƙi ne ya gyara mini karatu
da shuri a gwiwa.
Ashe mai sauri kan ja hannun mai nawa
su bar gari tun ba a sallame su ba.
Har yau in sanyi ya sauko gwiwar na yi mini bita.

Ta ukun ba ta kashe zafi.
Adirinalin, ɗan ɗigo,
mai gadin ƙofa ce, tana tsuke hanyoyin jini
kada ya sace maganin ya gudu.
Ba na kai ta kan nono, ba na kai ta wutsiya:
inda hanya ɗaya ce, in ka toshe ta nama ya mutu.
Cinya kuwa fili ce.
Na ɗauki ta farko da ta uku.

Hermelinda ta rungume dogon wuyan,
ganyen koka a kunci,
tana raɗa mata wani abu da Kecuwanci.
"Har yaushe ba za ta ji ba?"
Na nuna mata dutse mai hular ƙanƙara:
"Sai inuwarsa ta taɓa garken."

Ɗinki ashirin da uku.
Tana tuƙa abinta, kamar jikin wata nake ɗinkawa.

Inuwa na saura taku biyar
kunne ya kwanta, fata ta motsa.
Ta juyo, ta auna ni,
ta tofa mini koren yawu a kwala.
Ban goge ba sai da na rubuta:
awa biyu, minti arba'in.