Yumɓu Ɗaya

Ni ne Elyada magini, ɗan Shelumiyel.
Rumfata na gindin tudun Ifraimu, inda hanyar Shilo ta karkata.
Ban iya karatu ba,
amma ku tambaye ni abin da aka saya a wurina bana,
in faɗa muku inda zuciyar Isra'ila ta kwana.

Shekarar da sha'ir ya cika rumbu har ya zube,
zaitun ya karya reshe, inabi ya ishi tsuntsu da mutum,
sai su zo da magariba, mayafi a ka, murya ƙasa-ƙasa:
"Elyada, 'yar gunki muke so irin ta maƙwabta,
mai faɗin ƙugu, ta zauna mana a lungun ɗaki.
Ba barin Ubangiji muka yi ba, haba,
ƙari ne kawai, kamar gishiri a miya."
Nakan ce to.
Hannuna ya san siffar tun ba su rufe baki ba.

Sai raƙuman Midiyan su hauro daga gabas,
ba sallama, ba adadi,
su kiwace gona tana ɗanya, su bar mana ƙura da kashin raƙumi.
Mu haye koguna, 'ya'ya a baya, tsofaffi a kafaɗa.
Ranar nan ba mai cigiyar gunki.
Fitila ake nema, ƙarama, mai shan mai kaɗan,
da tulu mai tsukakken baki, kada ruwa ya zube a hawan dutse.
Na ga Hogla, wadda ta biya ni da ɗan rago,
ta rotsa abin da na gina mata,
ta ɗauki tsingaronsa tana kankare gindin tukunya,
tana kuka, tana kiran Allahn kakanninmu
da sunan da ta shekara tara ba ta furta ba.

Kuma ya ji.
Abin da ke hana ni barci ke nan.
Ba mu da bakin roƙo, tuban muzuru ne namu, kaza a baki,
amma ya ji.
Ya tada mana mutum daga inda ido bai kai ba.
A zamanin ubana wani makiyayi ne mai i'ina.
A nawa, Yo'ezer gurgu, mai faskaren itace,
wanda yara ke kwaikwayon tafiyarsa.
Ya busa ƙaho, muka bi shi da lauje da taɓarya,
gwiwa na kaɗawa, ba mu san dabarar ba, shi ma bai sani ba,
ya ce dai, "An ce mu tafi."
Muka tafi.
Da gari ya waye, kwarin ba kowa sai turaku da toka.

Muka sauko, muka tara duwatsu, muka yi rantsuwa,
har muryoyi suka dushe.
Aka ci moriyar ganga.
Kafin ciyawa ta rufe kabarin Yo'ezer
na ji ƙwanƙwasa da magariba.

Sau uku faifan nan ya zagayo a idona,
kuma sau uku ƙafata ce ke tura shi.

Bana ma sha'ir ya yi kyau.
Jiya jikan Hogla ya zo, mayafi a ka.
Na dubi yumɓun da ke hannuna, ɗaya ne, daga rafi ɗaya,
na murza, na lotsa masa baki, na miƙa masa fitila.
Ya yi tsaki. Ya gangara kwari, akwai wani magini can.

Ban tsine masa ba. Wa ya koya wa kakarsa hanya?
Tukunyar da ta karkace a faifai ba na jefar da ita,
nakan jiƙa, in dunƙule, in sake ɗorawa.
Wataƙila wani ma haka yake yi da mu,
bai gaji ba tukuna.

Fitilun ina jera su a bayan rumfa.
Sun kai saba'in da biyu.