Kwandon Baba Cindo

Shekarar da aka rufe Harami
na jingine kekena a bayan ƙofa,
keken da nake tura tsofaffi ɗawafi.
Ƙura ta hau kujerarsa ta zauna
kamar ita ta biya kuɗin zagaye bakwai.

Unguwarmu, can bayan titin Mansur, ta yi tsit.
Ba mai shayi, ba mai ƙosai.
Ladan ya ce kowa ya yi salla a gida,
muryarsa ta karye a tsakiyar kalma,
na ji karayar a haƙarƙarina.
Tantabarun Makka suna sauka a kwalta
suna neman alkamar da ba wanda ya watsa.

Ƙasan ɗakina Baba Cindo yake,
tela mai yatsa shida,
shekara hamsin rabonsa da Talatar Mafara.
Ba ya riƙe waya, wai tana cinye hira.
Sai na ɗaura igiya a kwandon roba,
kullum in zura masa gurasa da wake ta taga.

Rana ta tara kwandon ya hau da saƙo.
Takardar awon riga ce,
a bayanta ajami mai karkata:

"In an kulle ƙofa, akwai taga,
Mai sama bai hana ido ya hanga."

Ni ban taɓa ɗinka baiti ba.
Na kwana ina lalube cikin kalmomi
kamar mai neman canji a yagaggen aljihu.
Da asuba na zura masa:

"Ciwon nan baƙo ne da ya shiga,
baƙo raɓa ne, jira rana ta ɗaga."

Ya maido min da ita da jan alli:
"Baitinka gurgu ne, yaro.
Amma gurgu ma yana isa Arfa."

Haka muka ci azumi.
Rediyo na ƙirga matattu,
mu muna ƙirga gaɓoɓi.
Da aka ɗauke Hajiya Dela ta gidan kusurwa
ba wanda ya iya raka ta,
shi ya yi mata layi huɗu,
na leƙa ta taga na karanta wa titi.
Wani labule ya motsa. Wata murya ta ce amin.

Sai ranar da kwandon ya dawo da gurasarsa.
Motar asibiti, mutane cikin fararen leda,
tarinsa yana sauka matakala ɗaya ɗaya.

Kwana goma sha ɗaya ina zura baiti
ga tagar da ba kowa.
Iska ta kwashi wasu, ban bi su ba.
Na ce ko tantabara ta karanta, ya isa.
Wani dare na ji bakina
yana maimaita layinsa na farko
a inda kuka ya kamata ya fito.

Ranar sha biyu, bayan la'asar,
igiya ta girgiza a hannuna.
Rubutun ya rame, alli na rawa:

"Sun ba ni iska a cikin kwalba,
na ce ina da wadda yaro ya..."

Nan ya tsaya. A ƙasa ya ƙara:
"Ƙarasa. Numfashina bai kai ba."

Ban ƙarasa ba har yau.
Amma da aka buɗe ƙofofin Harami,
aka ja layi a farin dutse, kowa da tazararsa,
na kakkaɓe kekena, na ɗora shi a kai.
Bai fi nauyin kwandon ba.
Yana ƙirga zagaye da yatsunsa,
ɗaya, biyu, har shida,
sai ya waiwayo, takunkumi ya jiƙe,
ya ce, "Na bakwai kai za ka riƙe min."