Littafin Ajiyar Makamai

Ni ke riƙe da littafin.
Ba na kama kowa, ba na bin kowa da gudu.
Tebur ɗaya, biro ɗaya, ɗaki mai taga guda
a bayan komisariya, inda ake zube abin da dare ya haifa.

Da safe ƴan sintiri kan juye buhu a gabana
kamar masu kawo gero awo.
In ƙirga, in rubuta:
adda biyu, ɗaya da giɓi,
sarƙar babur,
ɓarin almakashin tela da aka raba da ɗan'uwansa,
kwalbar fetur mai fasasshen baki,
gora mai ƙusa.

Doka ta yi dogon bayani a kan bindiga,
na haddace shi sarai:
takarda, hoto, tambari, sa hannun na sama.
Bara wani tsoho daga wajen Mirya
ya kawo tasa da kansa, naɗe cikin tsumma,
ƴar harba-ka-ruga da tsatsa ta cinye wa kunne.
Ya ce ko zabo ya daina jin tsoronta.
Na ba ta lamba.
Ya tsaya a ƙofa yana waiwaye
kamar wanda ya bar ɗa a gadon asibiti.

Amma ba da harsashi garin nan ke zubar da jini ba.
Tambayi masu ɗinki a babban asibiti
abin da suke ɗinkewa bayan isha.
Wuƙa ba ta da takarda.
Wa ke neman izini kafin ya yanka albasa?

Ajidan Kiyari ya ce lissafin bana ya fi na bara sauƙi,
ya rufe shi a ambulan ya aika Yamai.
Wataƙila gaskiyarsa.
Lissafi dai bai san Barira mai ƙosai ba,
da ta daina hura wuta kafin gari ya waye,
bai san ɗan kabu-kabun da ke girgiza kai ba
in an ce masa bayan duwatsu, rana ta faɗi.

Ran Talata buhun bai yi nauyi ba.
Abu uku. Na kai hannu kan na biyu,
tafina ya gane ta kafin idona:
ƙotar ƙirya ɗaure da wayar tagulla,
ƙuna uku a gindi, shaidar Baba.
Shekara talatin yana fiɗa da ita a Kasuwar Dole.
Tun rasuwarsa Inna Cima ke ɓoye ta bayan randa,
ba ta fitowa sai layya.

Ban tambayi hannun wa aka same ta ba.
Zabairu bai kwana gida ba tun Lahadi.
Ƙanena, da na goya zuwa lakwal,
mai ɗaga ƙarfe da samarin unguwa,
gwangwanin siminti biyu a jikin sandar mota,
mai ce mini, Yaya, kai kana da albashi,
ni damtse nake da shi.

Wanda aka soka ɗan Garin Malam ne.
A kan waya, in ji su,
waya mai tsagaggen gilashi.
Yana numfashi tukuna.

Biro ya daɗe a rataye bisa layi.
A waje mai ruwa na tura kura, jarkoki na gwara kai.
Ɗakin ba kowa.
Aljihuna na da zurfi.
Wuƙa ɗaya cikin ɗaruruwa, wa zai ƙirga
in ba ni ba?

Na rubuta:
lamba ɗari huɗu da sha bakwai,
wuƙar fawa, ƙotar ƙirya.
Na sa ta a kanta, kusa da bindigar tsohon,
na ja ƙofa, na murɗa makulli sau biyu.

Da yamma Inna ta miƙo mini fura ta ce,
layya ta matso,
a kai wuƙar Babanku wajen maƙeri a wasa ta.
Na ce to.
Na wanke hannu sau uku,
tawadar ba ta fita ba.