Zanardi da 'Ya'yansa

A gindin duwatsun Taka, a Kasala,
inda kogin Gash kan zo da damina, ya tafi ya bar mana yashi,
akwai shago mai koriyar ƙofa.
Allonsa ya ce: Zanardi da 'Ya'yansa.
Ni ba ɗansa ba ne,
amma makullin yana aljihuna.

Ettore ya gangaro daga Asmara a bayan akori-kura,
da zarto biyu, da mace mai tsohon ciki,
da gwangwanin ƙusoshi da bai yarda kowa ya riƙe masa ba.
Kakana Jatau ya taso daga Haɗeja a ƙafa,
Makka ya nufa, a nan guzuri ya ƙare.
Baƙo ya ga baƙo a bakin kasuwa.
Ettore ya miƙa masa guntun katako,
Kaka ya shinshina, ya lasa, ya tofar, ya ce: maɗaci.
Ranar ya fara aiki.

Larabcinsu duka gurgu ne,
sai guduma ta zama tafinta.

Shekarar farko kujeru shida suka yi,
dogaye, masu ƙafa kamar ta barewa.
Mutanen gari suka zo, suka shafa, suka yaba,
suka tambayi inda ake samun angarib.
Assunta ta yi kuka a bayan labule.
Kaka ya ɗauko igiyar kaba, ya zauna a ƙasa,
ya nuna wa maigida yadda ake saƙa gado.
Ettore ya ce: to, amma ƙafafun nawa ne.
Ya murza su, ya fitar musu da wuya da ƙugu.
Kafin kaka ta zagayo, har daga Gadarif ana aike.

A kan irinsa aka haifi rabin unguwarmu,
a kansa ake shan jabana da la'asar,
a kansa ake ɗaukar mutum ran da ya gama.

Kowane gado aka sayar,
Ettore kan jefa kwabo a gwangwanin nan, bai ce komai ba.
Shekara goma sha tara, ya juye shi a kan benci,
ya nuna gabas da haɓa.
Kaka ya je, ya dawo Alhaji,
ya kawo masa dabino da ruwan Zamzam.
Ya sha, ya ce ruwa ne mai kyau.

Da ya mutu, babu akwati a shagon mai yin akwati.
A angarib suka ɗauke shi,
Musulmi huɗu, har ƙofar maƙabartar Kirista,
suka tsaya a waje cikin rana.

Aldo, ɗansa, ya kawo inji mai cin wuta.
Injin ya ci yatsu biyu na babana.
Aldo bai ƙara kallon hannun ba,
amma shi ya biya kuɗin makarantata,
har na gudo na dawo cikin ɗiddigar katako.

Sai kujerun roba suka zo, farare, masu arha,
a ɗora goma a kan jaki ɗaya.
Mirella ta yi lissafi dare uku,
ta rufe littafi, ta ajiye mini makulli a kan zarto.
Ƙasar da ta koma, ba a can aka yanke mata cibiya ba.

Takan kira ni ran Lahadi.
Ba ta tambayar ciniki.
Cewa take: Sale, har yanzu shagon yana ƙanshin nan?
In ce yana yi.

Cikin kujeru shidan, ɗaya ta rage,
ba ta girgiɗi, ba a taɓa taya ta ba.
Jiya mai fenti ya zo gyaran allo,
ya ce: wane suna zan sa?
Ɗana Habu yana ciki, yana jan igiya da haƙori.
Na ce: bi kan tsohon rubutun,
ka dai ƙara wa kalmar ƙarshe fenti.