Hannun Tsahara

Sha ɗaya take zuwa, ba bakwai ba.
Da sassafe, in ji ta, hannuwan na aro ne,
kuma mai su bai farka ba.
Sai na ja darasin zuwa hantsi,
nan Bukoki, saman shagon mai ɗinkin labule.

Littafin Filatis da na zo da shi daga Kwatano
ya ce: durƙusa, dafa ƙasa da tafi biyu.
Wanda ya rubuta bai ga wuyan hannun Tsahara ba,
a kumbure, da ɗumi kamar burodin safe,
yatsu sun karkata gefe guda
kamar gero bayan iskar hadari.

Na rufe littafin.
Na kawo kujera, da kwanon ruwan ɗumi,
na naɗe tawul na cusa ƙarƙashin gwiwa.
Abin da tafi ya ƙi ɗauka, damtse ya ɗauka.
Abin da ƙasa ta hana, bango ya ba mu:
ta jingina, ta zame kaɗan, ta dawo,
sau huɗu. Jiya uku ne.

Akwai ranar da ciwon ke tashi da fushi,
ko maɓallin riga ya gagare ta,
jikarta Habsu ce ta ɗaura mata kallabi.
Ran nan ba mu ɗaga komai ba.
Na ce, kwanta, Inna,
ja numfashi har haƙarƙari su buɗe,
sake shi a hankali, cibiya ta nemi baya.

Sai ta fashe da dariya, har da tari.
Ta ce, ke yarinya,
shekara talatin da ɗaya ina ungozoma a Lamorde,
wannan maganar nake faɗa wa mata cikin dare,
wuta ta ɗauke, tocila a bakina.
Yau kuma ni ake sayar wa ita, jaka biyu!

Ban ce komai ba.
Na dubi hannun da ya tari rabin unguwa
yana hutawa bisa cikinta,
yana hawa, yana sauka.

A ƙasa keken ɗinki ya tsaya, an kira azahar.
Ta ce, ƙirga mini, kin iya ƙirga dai.
Na fara.
A na shida ta gyara mini:
kina sauri, ba a koran numfashi.